Kayan Tsohon Jirgin Ƙasa a Falo: Na Tarihi, Na Gwangwan da Na Sata

Wanda ya san Sabon Garin Zariya da Samaru ya saba ganin kayan jirgin ƙasa a wuraren da ba tasha ba. Ga guntun dogo rataye a reshen bishiya ana buga shi a tashi 'yan makaranta, ga wani a gaban maƙeri ya zama uwar maƙera, ga tsohuwar fitilar hannu a kan kabad a gidan da kakansu ya yi aikin reluwe. Da can ba a ɗauki waɗannan a matsayin kayan ado ba. Yanzu kuwa hotunan gidajen Turai sun cika wayoyin mutane, ana ganin agogon tasha a bangon falo, ana ganin ragar ɗora kaya ta cikin tarago ta koma kantar littattafai. Shi ya sa aka fara samun masu tambaya ko ya halatta su mallaki irin wannan a nan, da kuma inda za su samo.

Amsa biyu aka fi ba su, kuma kowace ta gaza. Wasu na cewa duk ƙarfen reluwe da aka gani a hannun mutum na sata ne, a kama shi kawai. Wasu na cewa abin da gwamnati ta yasar cikin ciyawa shekara da shekaru ya zama na wanda ya tsinta. Alhali akwai kayan da ya halatta a saya, akwai waɗanda sayensu laifi ne ko da an biya kuɗinsu da rana tsaka a cikin kasuwa, akwai kuma waɗanda bai dace su shige ɗakin mutum ɗaya ba domin al'umma duka ke da haƙƙin ganinsu. Abin da ke rarrabe su shi ne hanyar da suka bi suka bar hannun hukuma.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Reluwe kalmar aro ce daga Turanci, kuma a bakin mutanen Zariya tana nufin harkar jirgin ƙasa baki ɗaya da hukumar da ke riƙe da ita, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, NRC. Dogo shi ne titin ƙarfen da jirgi ke bi. Silifa ita ce abin da ake shimfiɗawa a gicciye a ƙarƙashin dogo, ta katako ko ta ƙarfe ko ta kankare. Kilif shi ne ƙarfen da ke maƙale dogo a jikin silifa.

Kwandam ita ce kalmar da aka fi yi wa mummunar fahimta. A aikin gwamnati, kwandam shi ne abin da hukuma ta sa aka duba, aka tabbatar ya gama amfani, aka soke shi daga littafin kadarorinta a rubuce. Tsatsa ba ta mayar da abu kwandam, daɗewa a yashe ma haka. Taragon da ya shekara talatin bai motsa ba, in dai sunansa na cikin littafi, kadarar hukuma ne kamar sabo.

Gwangwan ƙarfe ne da ake saye a kan sikeli domin a narkar, kuma masu wannan sana'a su ne 'yan gwangwan, tare da 'yan jari-bola masu yawon tattarowa. Gwanjo shi ne sayar da kaya a fili ga wanda ya fi tayi.

Sai kalmomi biyu masu kama da juna. Kayan tunawa su ne abubuwan da ke da yawa, waɗanda darajarsu ke ga mai riƙe da su: tsohon tikiti, maɓallin rigar ma'aikaci, usur, fitilar hannu. Kayan tarihi kuwa su ne waɗanda in sun ɓace ba za a sake samun irinsu ba, kamar allon sunan tasha, ƙararrawar tasha, farantin sunan kan jirgi, ko littafin da aka riƙa rubuta shigar jirage da fitarsu.

Yadda Zariya ta tara wannan ƙarfe

Ba banza ba wannan tambaya ta fi tasowa a Zariya. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, ya ratsa ƙasar Zazzau ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin Legas suka zama reluwe ɗaya. Turawa ba su kai tasha cikin birni ba, sai suka ajiye ta a arewacin ganuwa, a nan kuma Sabon Gari ya tsiro da leburori da akawuna da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Talakawan Zazzau ne suka yi aikin haƙa da dakon ƙasa, da yawansu bisa tilas, har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗansidi, ya yi wa aikin waƙar da aka sani da Waƙar Diga. Wanda zai rataya guntun ƙarfen wancan zamani a bango ya kamata ya san gumin da ke jikinsa.

Daga nan Zariya ta zama mahaɗa. Tsakanin 1911 da 1914 aka ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, tafiyar fiye da kilomita 200, domin kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. An rufe shi a 1957, aka kwashe dogonsa, amma unguwar Dogon Bauchi a Sabon Gari tana nan da sunansa. Wani layin ya tashi daga Zariya ya bi ta Samaru da Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana jigilar auduga da gyaɗa. Shi ne dogon da ya ratsa Samaru har aka sami unguwar Hayin Dogo. A Zariya ne kuma hedikwatar gundumar Arewa ta hukumar take, da wurin gyaran kan jirgi, da kwatas ɗin ma'aikata. A 1986 aka ƙara da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, a kan hanyar Basawa.

Kayan da suka taru a nan na zamani daban-daban ne. Akwai na zamanin jirgin kwal, irin kawunan da aka ƙero daga Ingila daga 1948 aka sa musu sunayen kogunan Nijeriya, kowanne da farantin sunansa a gefe. Akwai na zamanin dizal, wanda ya soma a 1955, shekarar da aka kafa NRC da doka. Akwai na Indiyawan da suka riƙe gudanar da hukumar daga 1979 zuwa 1982, da na 'yan Sin da suka zo daga 1995.

Sai harkar ta durƙushe. A 1964 jiragen Nijeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma ƙasa da miliyan 4 da rabi, kaya kuma ɗan abin da ya haura tan miliyan 1. Manyan motoci sun kwashe lodi, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, aka yi ta rage ma'aikata, 'yan fansho suka yi ta jiran haƙƙinsu. Taragai suka tsaya a inda aka ajiye su, ƙananan tashoshi suka zama kufai, masu gadi suka ragu. Duk wata tambaya ta yau game da sayen kayan reluwe daga wannan durƙushewa ta samo asali.

Ta ina kayan ke fitowa

Hanya ta farko ita ce gado. Ma'aikacin da ya yi ritaya yakan tafi da hularsa da usur ɗinsa da takardun aikinsa da hotunansa, wani lokaci da kyautar agogo ko lambar yabo. Waɗannan nasa ne, magadansa na da ikon sayarwa ko bayarwa, kuma su ne suka fi kowane kaya tsabtar asali, domin suna tafe da sunan mutum da labarinsa.

Ta biyu ita ce gwanjon hukuma. NRC takan sayar da kwandam, amma a dunƙule, tan-tan, ga manyan dillalai da masana'antun narkar da ƙarfe masu yin rodi. Mai son fitila ɗaya ko kujera ɗaya ba shi da ƙofar shiga wannan ciniki. Iyakarsa ya bi dillalin da ya ci gwanjon ya roƙi a cire masa abin da yake so kafin a sa wuta a yanka.

Ta uku ita ce sata: masu kwance noti da dare, masu yanka dogo da iskar gas su loda a tirela su lulluɓe da buhuna, masu ɓalle tagulla da wayar jan ƙarfe daga taragan da ke ajiye. Hukumar tsaro ta sibil difens da rundunar 'yan sanda ta reluwe sun sha kama motoci ɗauke da irin wannan kaya a jihohin Arewa, hukumar jiragen kuma ta sha kokawa kan satar kilif har a sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

Matsalar mai saye ita ce hanya ta biyu da ta uku a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato a filin ɗan gwangwan. A kan sikeli babu bambanci tsakanin farantin da aka saya a gwanjo da wanda aka ɓalle jiya da dare. Sikelin ma gaba yake da tarihi: mita ɗaya na tsohon dogo yakan kai kilo 30 zuwa 40, farantin tagulla mai ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira kuwa 'yan kilo ne, sai a jefa shi cikin tarin tagulla a narkar da shi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Doka da shari'a

Dokar 1955 ta damƙa layuka da tashoshi da kayan aiki a hannun NRC, kuma daina bin layi bai cire shi daga hannunta ba. Dogon da ya ratsa Samaru, ko da 'yan tireda sun baza kaya a kansa, nata ne. Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, bai raba wa kowa tsoffin kadarorin hukumar ba.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake rabuwa da kadarar jama'a: a ƙiyasta darajarta, a yi shela, a buɗe tayi ga kowa. Kuɗin kuma asusun gwamnati yake shiga, ba aljihun ma'aikaci ba. Saboda haka in wani mai gadi ko wani jami'i ya ce a ba shi wani abu a ɗauki fitila, wannan ba ciniki da hukuma ba ne, ko da yana sanye da rigar aiki. Dokar finalkod ta hukunta wanda ya karɓi kayan da ya sani ko yake da dalilin zaton na sata ne, kuma wanda aka samu da kilif ko silifa babu takarda zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai yi zato ba.

Wanda ke tunanin saye domin ya sayar wa Turawa ta intanet yana da wani shingen. Tarkacen ƙarfe da kayan tarihi duk suna cikin jerin abubuwan da kwastan ta hana fitarwa daga Nijeriya, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba ta ikon tantance abin da ya shiga sahun kayan tarihi da bayar da izinin fita da shi.

A fiƙihu ma maganar a fili take. Daga sharuɗɗan ingancin ciniki akwai mai sayarwa ya kasance ya mallaki abin ko an wakilta shi. Masu kafa hujja da tsintuwa sun manta cewa hukuncin tsintuwa na abin da ba a san mai shi ba ne, kuma shi ma sai an yi cigiya shekara guda. Ƙarfen reluwe an san mai shi, sau da yawa ma sunansa na rubuce a jiki. Dukiyar baitulmali ce, kuma malamai sun tsananta a kanta fiye da ta mutum ɗaya, domin wanda ya ci ta ba shi da mutum guda da zai je ya nemi yafiyarsa. Cewar da ake yi kayan gwamnati ba na kowa ba ne ita ce tushen ɓarnar, a reluwe da wajen reluwe.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila, inda wannan sha'awa ta fi ƙarfi, ita ma daga rushewa ta taso. Rahoton Beeching na 1963 ya sa aka rufe dubban tashoshi, a 1968 kuma aka daina aiki da jirgin kwal a manyan layuka. Hukumar jiragen ƙasar ta ga mutane na son allunan tasha da fitilu da agogo, sai ta buɗe kanti kusa da tashar Euston a Landan tana sayar musu ɗaya-ɗaya da rasit. Abin da ya fi muhimmanci ta ware shi, ya tafi gidan tarihin jiragen ƙasa da aka buɗe a York a 1975. A yau akwai gidajen gwanjo da ba su da wata sana'a sai wannan, har farantin sunan wani kan jirgi mai suna Golden Fleece ya kai fam 60,000 a 2004. Da aka yi wa tsoffin jiragen layin Metropolitan na Landan ritaya a 2012, gidan tarihin sufuri na birnin ya ciro ragar ɗora kayansu ya gyara ya sayar wa jama'a, kuɗin ya koma hidimar gidan.

Labarin da ya fi dacewa da Zariya shi ne na wani ɗan gwangwan. Kamfanin Woodham da ke garin Barry a yankin Wales ya sayi kawunan jirgi 297 domin ya yanka. Da yake yanka tsoffin taragan kayan da yake saye ya fi sauƙi, sai ya fara da su ya bar kawunan a fili. Kafin ya waiwayo, ƙungiyoyin masu kishin tarihi sun fara tara kuɗi suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka ceto 213, da yawansu kuma an gyara sun sake tafiya. Ciniki ne na halal daga farko har ƙarshe: hukuma ta sayar da takarda, dillali ya sayar da takarda.

Kenya ta buɗe gidan tarihin reluwe a Nairobi a 1971, Indiya ta buɗe nata a Delhi a 1977. A Nijeriya akwai Gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas, ginin 1898 da ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ya zama ƙaramin gidan tarihi, an kuma sa masa sunan Francis Jaekel, tsohon jami'in da ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya a mujalladi uku. A gidan tarihi na Jos an adana wasu kawunan ƙaramin layin nan da ya tashi daga Zariya. Ita Zariyar, wadda layuka huɗu suka taɓa haɗuwa a cikinta, mai son ganin abin da ya rage na Dogon Bauchi sai ya tafi Filato.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon bayan saye suna cewa ceto suke yi. Abin da ba su saya ba tukunyar narkarwa za shi, kuma fitilar da ke falon malami a Samaru ta fi wadda ta zama rodi a Legas. Wannan magana tana da ƙarfi, domin galibin abin da ya tsira a duniya a hannun ɗaiɗaikun mutane ya tsira kafin gwamnatoci su farga.

Masu adawa suna cewa kuɗin mai sha'awa shi ke koya wa ɓarawo darajar abin da bai sani ba. Yau ɗan jari-bola na kallon allon tasha a matsayin kilo kaza. Ran da ya ji akwai mai biyan ninki goma, ba zai bar allo ko ɗaya a tsakanin Zariya da Funtuwa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma an ga irinsa a tsoffin kayan yumɓu na Nok, waɗanda tsadarsu a Turai ta sa aka yi ta tone wuraren tarihi a kudancin Kaduna ba bisa ƙa'ida ba. Hausawa sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Masana tarihi suna da nasu ƙorafin: abu in ya rabu da wurinsa da labarinsa ya rasa rabin amfaninsa. Ƙararrawar da ba a san tashar da ta fito ba ƙarfe ce mai ƙara kawai. Su kuma 'yan gwangwan, waɗanda ke da ƙungiyarsu ta ƙasa, suna cewa ana yi musu kuɗin goro, ana shafa wa dubban masu neman halal laifin 'yan kaɗan. Matakan da wasu gwamnatoci suka ɗauka, kamar hana sana'ar da aka yi a Borno a 2023, sun nuna yadda fushin hukuma kan faɗa wa mai laifi da marar laifi.

In aka auna, kowane ɓangare ya yi daidai a kan wani nau'in kaya. Hujjar masu ceto ta tsaya a kan kayan gado da kwandam mai takarda. Hujjar masu adawa ta tsaya a kan duk abin da ke riƙe titi ko ke ba jirgi hanya: dogo, silifa, kilif, noti, farantin haɗa dogo, wayar sigina. Waɗannan bai kamata mai sha'awa ya taɓa su ba ko kyauta aka ba shi, domin kilif ɗin da ya yi kyau a kan tebur wataƙila gurbinsa ne zai kifar da jirgi cike da mutane. Hujjar masana kuma ta tsaya a kan abin da ba shi da na biyu.

Jabu da guba

Inda kuɗi ya shiga, jabu na biye. Masu zubin tukwane na sanholo a Panteka ta Kaduna da makamantanta suna iya zuba faranti mai harufa cikin yini ɗaya, kuma ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye cewa kwaikwayo ne. Hasali ma ga wanda ado kawai yake so, wannan ce hanya mafi aminci: ya kai hoto a zuba masa, maƙeri ya samu, tasha ta tsira da allonta. Laifin yana ga wanda zai binne sabon zubi a ƙasa ya yi tsatsa ya ce na zamanin Turawa ne. Na gaske ana gane shi ta baya fiye da ta gaba: ramukan ƙusa sun ci, fenti hawa-hawa ne, nauyinsa na tagulla ko baƙin ƙarfe ne. Harufan NR na kafin 1955 ne, NRC na bayanta. Wanda aka yi wa tayin abu mai NRC aka ce na zamanin Girouard ne, ya san inda aka dosa.

Maganar lafiya ta fi wannan nauyi, kuma ba a cika yin ta ba. An yi amfani da asbesto, wato farin zaren nan mai hana zafi da ke cikin tsofaffin silin da kwanon rufi, wajen naɗe tukunyar jirgin kwal da bututu da bayan bangon wasu taragai. Ƙurarsa na jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kuma kankare shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe haɗari ne. Mutanen Arewa ba su manta da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Silifar katako an jiƙa ta da baƙin mai mai guba domin gara, saboda haka ba ta dace da teburin cin abinci ko gadon yaro ba, balle a hura wutar girki da ita. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan gwangwanaye masu faɗi da ake ɗaurawa a kan dogo su fashe don gargaɗin direba. Albarushi ne a ciki, kuma tsufa ba ya kashe shi. Wanda ya ga irinsu ya bar su a inda suke ya sanar da hukuma.

Abin da ke tafe

Aikin sabon layi mai faɗin milimita 1,435 daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2021, ta Zariya zai bi, daga Kano kuma wani zai wuce Maraɗi. Kawuna da taragan tsohon layi ba za su hau sabon ba. Ma'anar wannan ita ce nan gaba kaɗan za a yanke hukunci a kan tarin kayan da suka shekara fiye da ɗari suna taruwa a Sabon Gari. In aka bar abin ga sikeli kaɗai, tireloli za su kwashe su cikin 'yan watanni, kuma abin da zai rage shi ne wanda wani ya ɓoye ba bisa ƙa'ida ba. Tsofaffin ma'aikatan da za su iya cewa wannan na tasha kaza ne, ga yadda ake aiki da shi, su ma suna ƙarewa.

Gyaran bai fi ƙarfin garin ba. Kafin kowane gwanjo, a sa masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da NITT da Hukumar Gidajen Tarihi, tare da 'yan fanshon reluwe, su zagaya su ware abin da ba shi da na biyu. Takardu da taswirori su tafi Gidan Arewa ko ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Ƙarafan su samu ɗaki ko biyu a tsohuwar tashar Zariya, inda ɗaliban jami'ar na Samaru da na Kongo da yaran firamare za su je su gani. Abin da ya yi saura na fitilu da kujeru da alluna masu yawa, hukumar ta sayar da shi ɗaya-ɗaya da rasit mai lamba, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Da zarar akwai ƙofar halal, hujjar mai bi ta bayan gida ta faɗi, ɗan gwangwan na kirki kuma ya sami wurin kai abin da ya ga ya fi ƙarfin sikeli. Muna kira ga shugabannin gundumar Arewa ta NRC, da Masarautar Zazzau, da ƙaramar hukumar Sabon Gari, da su fara wannan magana tun kayan suna nan.

Kai kuma mai son saye, kafin wannan ta tabbata, ka tsaya ga kayan gado daga hannun magada, ka rubuta sunan mai shi da tashar da ya yi aiki da shekarunsa ka ajiye tare da abin. In daga dillali ne, ka nemi ganin takardar gwanjon hukuma, ka karɓi rasit da sunansa. In ya ce babu takarda, ka bar masa kayansa.